Hatsin Foneko a Rumbun Yamai

Duk yaron da ya tashi a Yamai ya san sunan Bubu Hama, ko da bai taɓa buɗe littafinsa ba. A ƙofar gidan tarihi na ƙasa ya san shi, inda ake kai yara ranar salla su ga zaki da kura da dorina, su yi tsaye baki buɗe gaban ƙasusuwan dabbobin dauri da aka tono a Gadufawa, su leƙa kututturen itacen Tenere da mota ta kayar a 1973, kafin su gangara wajen maƙera da dukawa da masaƙa masu aiki a inuwa. An buɗe gidan a 1959, Bubu Hama na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata aka kafa shi, daga baya aka sa masa sunansa. Akwai kuma kyautar adabi da hukuma ke bayarwa da sunan nasa tun 1989. Ta fuskar allo da lambar yabo, babban birni ya sauke nauyi. Amma kusan duk abin da mutumin nan ya rubuta daga bakin mutanen karkara ya ɗebo shi, tun daga ƙauyensu Foneko da ke ƙasar Tera, ya zuba shi cikin Faransanci, aka buga a Paris, aka jera a kantocin da jikokin masu maganar ba sa zuwa. An noma hatsi a Foneko, aka kai shi rumbun Yamai, aka rufe, ko zakka ba a fitar wa masu gona ba. Ra'ayina shi ne girmama marubuci irin wannan ba ya cika sai an mayar da aikinsa inda ya fito, cikin harsunan da aka faɗa masa shi, kuma lokacin yin haka yana ƙurewa.

An haifi Bubu Hama a Foneko a 1906, lokacin da Faransawa ba su daɗe da kafa sandarsu a yammacin kogin Kwara ba. A wancan zamani lakwal ba abin so ba ce. Kwamanda ne ke aika wa sarki adadin yaran da yake buƙata, sarki ya rarraba wa masu gari, iyaye kuwa su ɗauki abin tamkar an yi musu rashi. Ta wannan ƙofa yaran karkara na farko suka shiga boko. Ya fara a Tera, ya wuce Dori, daga can Wagadugu, sannan makarantar William Ponty da ke tsibirin Gore a Senegal, wadda ta horar da akasarin malamai da akawuna da likitocin Afirka ta Yamma ta Faransa. A 1929 ya dawo da takardar malanta, ɗan Nijar na farko da ya samu irinta. Wanda ya duba taswira zai ga kowane mataki na karatun nan ƙarin nisa ne daga gida: Tera na kusa, Dori tafiyar kwanaki, Gore kuwa sai an haye teku. Haka aka tsara tsarin tun asali, yaro ya yi ta nisa har ya manta hanyar komawa. Dori da Wagadugu yau suna Burkina Faso, kuma iyakar da ta raba su da Tera sai a 2013 kotun duniya da ke Hague ta kammala shata ta, abin da ke nuna yadda ƙasar da ya taso cikinta ta fi taswirar da muka gada faɗi.

Gidajen da ya zauna bayan nan su ne tarihin Nijar a taƙaice. Ya zauna gidan mushe a garuruwan da aka tura shi koyarwa. Da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946, reshen RDA a Nijar, yana cikin jagororinta, siyasa ta kai shi Faransa wakilci a majalisar da ke zama a Versailles. A tsakiyar shekarun 1950 ya riƙe cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda ta zama IRSH ta yau. Daga 1958 har zuwa 1974 shi ne shugaban Majalisar Dokoki, kuma shugaban jam'iyya mai mulki, mutum na biyu bayan shugaban ƙasa Jori Hamani. Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Saini Kunce suka kifar da gwamnati, dattijon da ya doshi saba'in ya tsinci kansa tsare a Agadas, nesa da kogi, nesa da takardunsa. Bayan 'yan shekaru aka sake shi, ya rasu a Yamai a watan Janairun 1982. Ɗakin kwanan ɗalibai, gidan malami, gidan gwamnati, gidan kaso: babu ɗaya cikinsu da ya zama tushen rubutunsa. Littafin da ya ba shi babbar kyautar adabin Baƙar Afirka a 1971, Kotia-Nima, labarin yaron ƙauye ne da aka ɗauke zuwa makarantar Nasara, yana auna abin da malamansa ke koya masa da abin da tsofaffin garinsu suka riga suka dasa masa. Wanda ya rubuta da Andrée Clair don yara, L'Aventure d'Albarka, shi ma ƙuruciyar nan ce ya sake bi. Mutum yana zaune a kujera ta biyu ta ƙasa, amma duk sa'ad da ya ɗauki alƙalami sai ya koma Foneko.

Yawan abin da ya tara ma abin mamaki ne. Cikin 1967 da 1968 kaɗai ya fitar da tarihin Gobir da Sakkwato, da na Zabarmawa da Songai, da bincike kan Abzinawa, da wani kan Fulani, ban da nazarinsa kan tarbiyyar gargajiya ta Afirka. A shekarun 1970 ya biyo da jerin kundayen tatsuniyoyi da almara na Nijar. Shi da Joseph Ki-Zerbo na Burkina suka rubuta babin da ke magana kan matsayin tarihi a rayuwar al'ummar Afirka cikin kundin farko na babban tarihin Afirka na UNESCO. To, ina ya samo wannan duka? Ba a Ponty aka koya masa ba, don a can tarihin Faransa ake haddacewa. Ya samo ne wurin jasare, maroƙan Zabarmawa masu riƙe da salsalar sarakuna, da tsofaffin mata masu tatsuniya bayan sallar lisha, da masunta Sorko masu sanin kogi da iskokinsa, da malaman zaure da suka yarda suka kwance gafaka. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Malamin karkara ba ya ba da littafin kakansa haka kawai. Takardu ne warwatse marasa ɗinki, tawadar ta koma ja, gefensu gara ta ɗanɗana, a naɗe cikin fata, a ajiye can ƙuryar ɗaki tare da abin da gida ya fi ji da shi. Bubu Hama ya yi amfani da kujerarsa ya aika a nemo irin waɗannan, wasu aka saya, wasu aka kwafa aka mayar wa masu su. Tarin nan shi ne harsashin sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, inda yau ake da dubban takardu, har da na Hausa da Fulatanci. Kowace takarda a ɗakin nan daga wani gida ta fito, a wani gari mai suna.

Ga inda gizo ke saƙa. Yawancin littattafan kamfanin Présence Africaine ne ya buga su a Paris, da Faransanci, a ƙasar da har yau manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na jama'arta a karkara suke. Ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni da ke son karanta tarihin Gobir na Bubu Hama sai ya bi layin ɗakin karatu ko ya nemi wanda zai ara masa tsohon kwafi ya kai a yi masa hoto. Manomin Tibiri kuwa, wanda labarin kakanninsa ne a ciki, bai ma san an yi littafin ba. Ba na ɗora wa marubucin laifin zaɓen Faransanci. Da masu cewa Afirka ba ta da tarihi yake jayayya, dole ya yi musu magana da harshen da suke ji, kuma a lokacin ko daidaita rubutun harsunanmu da boko ba a gama ba, sai taron Bamako na 1966 ya fara shimfiɗa ƙa'ida. Uzurinsa karɓaɓɓe ne. Namu ne ba shi da madafa, mu da muka shekara fiye da arba'in bayan rasuwarsa da ƙa'idar rubutu a hannu, da masu fassara, da maɗaba'u. Da aikin nasa ya sami hanyar komawa ga jama'a, an ga yadda aka karɓe shi: fim ɗin Toula na Mustafa Alasan, wanda aka gina kan almarar da Bubu Hama ya rubuta ta budurwar da aka sadaukar don ruwa ya sauka, ya fito ne a tsakiyar farin shekarun 1970, kuma mutanen da ba su taɓa riƙe littafi ba sun gane labarinsu ne.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne mafi nauyi, kuma masu karatun Hausa ne za su fi yin sa. Za a ce: wannan mutum ba malami ne kawai ba, ginshiƙin mulkin jam'iyya ɗaya ne. Gaskiya ne. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, wadda Jibo Bakari da jam'iyyarsa Sawaba suka nemi a ce a'a ga Faransa suka sha ƙasa, an haramta Sawaba a 1959. Da mayaƙanta suka kutso ƙasar a 1964, martanin gwamnati ya yi muni: kame, duka, gidajen yari, har da harbe mutane a bainar jama'a. Abin ya ƙara tsanani bayan gurnetin da aka jefa wa Jori a filin idi a 1965. Garuruwan Hausa irin su Damagaram da Maraɗi da Tasawa, inda Sawaba ke da ƙarfi tsakanin 'yan kasuwa da direbobi da 'yan ƙwadago, sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma masanin tarihi Klaas van Walraven ya tattara shaidar waɗanda suka rayu cikin littafin da ya fitar a 2013. Bubu Hama, tare da Jori da ministan cikin gida Jamballa Maiga, su ne ukun da ke riƙe da akala. Ba wanda zai wanke shi daga wannan, kuma duk littafinsa da za a fassara ya kamata gabatarwarsa ta faɗi haka ɓaro-ɓaro. Sai dai a lura da wanda ake hukuntawa idan aka bar littattafan a kulle. Shi ya riga ya tafi, sunansa na kan ƙofar gidan tarihi ko an fassara ko ba a fassara ba. Wanda ke asara shi ne jikan tsohuwar da ta ba da tatsuniya, da zuriyar malamin da ya ba da takarda. Abin da ke cikin littattafan ba dukiyar PPN ba ce. Amana ce da ta biyo ta hannun ɗan PPN, kuma halin ɗan aike ba ya hana a karɓi saƙo.

Ƙasar ma ta riga ta fara sasanta waɗannan matattu da kanta. Mai barin Yamai zuwa Tera yau, gadar Farye yake hayewa, wadda ke ɗauke da sunan Jibo Bakari. Wato hanyar garin Bubu Hama ta kan sunan abokin gabarsa take bi. Labarin Abdulaye Mamani ya fi wannan ratsa jiki. Ɗan Gudumariya ne, an haife shi a 1932, ɗan Sawaba na gaba-gaba, wanda mulkin su Bubu Hama ya kora gudun hijira har Aljeriya, ya dawo bayan juyin mulki, Kunce kuma ya ɗaure shi. A 1993 ya taso daga Damagaram zuwa Yamai don karɓar kyautar adabi mai sunan Bubu Hama, hatsarin mota ya yi ajalinsa a hanya. Idan wanda aka kora ya yarda ya kama hanya don kyauta mai wannan suna, mu da ba a kora ba ba mu da hujjar ƙin karatu. Mamani kuma hujja ne ta wata fuskar. Littafinsa Sarraounia na 1980 ya ɗauki Lugu, ƙauyen Azna a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, ya mai da shi sunan da kowane ɗan Nijar ya sani. Med Hondo ya yi fim da shi, a Burkina aka ɗauka, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Yau sunan Sarauniya na kan gidan rediyo da makarantu. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou sun nuna cewa Sarauniyar da ƙasa ta sani ta fi kama da ta littafin fiye da wadda mutanen Lugu ke ambato. Wannan gargaɗi ne, amma kuma shaida ce: littafi na iya sauya matsayin ƙauye a idon ƙasa, kuma idan mutanen ƙauyen ba su iya karanta shi ba, ba su da bakin cewa nan an yi daidai, nan an ƙara gishiri.

Wani zai ce ai mutanen karkara ba sa buƙatar a kawo musu abin da su suka bayar. Tatsuniya na bakinsu, salsala na wurin maroƙansu. Da a 1967 ne da maganar ta zauna. Yau ba haka take ba, musamman a ƙasar da Bubu Hama ya fito. Tera na tsakiyar yankin iyakoki uku, inda 'yan bindiga suka shekara suna kai hari, suna karɓar haraji da sunan zakka, suna kashe masu gari da limamai da malaman makaranta. Ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar Tilaberi, ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu na zaune a gefen Tera da Tilaberi da Yamai. Ilimin baka ba ya rayuwa a iska. Yana buƙatar dandali da dare, da tsohuwa da jikoki a gida ɗaya, da bikin da za a kira maroƙi, da kwanciyar hankalin da mutum zai zauna ya ja salsala tun daga kakan kaka. Gudun hijira na tsinka duk wannan cikin shekara biyu ko uku: tsohon ya mutu a bukkar tamfol, saurayin ya tafi haƙar zinariya a Komabangu ko cirani bakin teku, yaron ya tashi da wayar hannu. Akwai kuma masu wa'azin da ke kallon duk wani labarin Sorko da iskokin kogi a matsayin abin da ya kamata a binne. A irin wannan hali, abin da aka rubuta shekara hamsin da suka wuce yana iya zama kwafi ɗaya tilo da ya rage na abin da wani gari ya sani game da kansa.

Daga nan ƙorafin kuɗi ke tasowa: ƙasa na yaƙi, ana neman abinci da magani, wa zai kashe sefa kan tatsuniya? Amsar ita ce aikin ba gini ba ne, kuma kayan aikinsa suna nan. Yamai ce mazaunin CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka mai nazarin harsuna da tarihin baka, wadda aka kafa a 1968 da ƙoƙarin shi Bubu Haman. Ga IRSH, ga INDRAP mai shirya littattafan makaranta, ga sashen nazarin harsuna na jami'a, ga maɗaba'u masu zaman kansu irin su Gashingo da suka saba buga littattafai da harsunan ƙasa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma babban kukan malaman irin waɗannan makarantu shi ne yaro ya iya karatu da harshensa amma ba abin da zai karanta bayan littafin aji. Ga kundayen tatsuniyoyi a ajiye, ga yara marasa abin karatu, abin da ya rage mai haɗa su ne. Wanda bai iya karatu ba kuwa yana da kunne. Nijar na da gidajen rediyon karkara fiye da ɗari, kuma na farkonsu a Bankilare aka kafa shi a ƙarshen shekarun 1990, maƙwabciyar Foneko. Minti goma sha biyar a mako, mai murya mai daɗi ya karanta babi ɗaya da Songai ko Fulatanci ko Tamashek, a buɗe waya dattawa su kira su gyara, kuɗinsa bai kai na taron bita ɗaya a otal ba. Abin da ke buƙatar hukuma shi ne zama da magada da kamfanin da ya buga littattafan kan haƙƙin mallaka, aikin da ofishin haƙƙin mallaka na BNDA ya san kansa.

Mai karatu na iya tambaya: mu Hausawa ina ruwanmu da ɗan Songai? Ruwanmu ya fi na kowa. Da farko, mutumin ya rubuta tarihin Gobir da Sakkwato, kuma a ɗakin takardun da ya tara akwai waƙoƙi da wasiƙun ajami na malamanmu. Na biyu ya fi muhimmanci. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a Maris ɗin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan girma ne, kuma jarrabawa ce, don akwai 'yan ƙasa a Tilaberi da Difa da Agadas da suka ji abin a ransu, suna tsoron kada a sauke wani harshe mai danniya a ɗora wani. Hanyar kwantar musu da hankali ba jawabi ba ce. Ita ce Hausa ta nuna tana iya ɗaukar kayan kowa: yaron Maraɗi ya karanta almarar Toula da tarihin Askiyawa da Hausa, ya san Nijar ba ta ƙare a Dogon Dutsi ba, a lokaci guda kuma yaron Tera ya sami littafin da Songai, ba sai ya bi ta Hausa ba. Idan aka fassara zuwa Hausa kaɗai, an sauya wa hatsin rumbu ne kawai. Tun Oktoban 2024 aka sauya sunayen tituna a Yamai, titin De Gaulle ya koma na Jibo Bakari, cibiyar al'adun da ke fuskantar gidan tarihi ta koma ta Mustafa Alasan. Sauya allo aikin yini ɗaya ne. Harshen ƙasa kuwa da abin da aka rubuta cikinsa ake auna shi, kuma a hayin iyaka an ga misali: Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta shiga gidajen da ba a taɓa sayen jarida ba saboda da Hausa aka rubuta ta, aka kuma sa ta a makaranta.

Masana za su ƙara da nasu: littattafan tarihin Bubu Hama ba su da tsari, yana maimaita kansa, yana jera dogayen maganganun wasu, yana cakuɗa almara da abin da ya faru, wani lokaci yana ƙulla zumunta tsakanin al'ummu bisa kamannin suna kawai. Akwai gaskiya a nan. Mutum ne mai rubutu da gaggawa tsakanin zaman majalisa da taron jam'iyya, kuma yana da manufar siyasa, ta nuna cewa Songai da Hausa da Fulani da Abzinawa da Barebari tushensu a sarƙe yake, don ƙasar da Faransa ta yanka ta sami abin tsayawa. Amma wannan dalili ne na a zaɓa, a tace, a yi sharhi, ba na a watsar ba. Ba a buƙatar fassara gomman littattafai. A fara da tatsuniyoyi, da Kotia-Nima a taƙaice don 'yan sakandare, da sassan tarihin Gobir da na Songai inda ya kawo maganar masu ba da labari kai tsaye. Kuma mafi cancantar masu gyara ba a jami'a suke ba. Idan aka karanta wa fadawan Tibiri abin da aka rubuta kan Bawa Jan Gwarzo da faɗuwar Alkalawa, za a ji inda za su gyaɗa kai da inda za su ce ba haka aka yi ba, kuma wannan musun shi kansa sabon ilimi ne da za a naɗa.

Saura maganar gidaje da takardu. A Kaduna, gidan Sardauna ya zama Arewa House, cibiyar bincike mai ɗakin ajiyar takardu. A Kano, Gidan Ɗan Hausa na nan ana shiga. Senegal kuwa ta ga abin da sakaci ke jawowa: kayan tsohon shugabanta Senghor da littattafansa da suka rage a Faransa sai da aka kai su gaban masu gwanjo a 2023 da 2024, gwamnatin Dakar ta yi ta rige-rigen sayen abin da tun farko ya kamata ya kasance a hannunta. Bubu Hama ya bar rubuce-rubucen da ba a buga ba, kuma zamaninsa ya bar faya-fayan muryoyin tsofaffi a IRSH da CELHTO, kaset da zare waɗanda zafi da ƙurar Yamai ba sa raga musu. A lissafa su, a juye su cikin kwamfuta, a rubuta sunan kowane mai magana da garinsu, a ba kowace gunduma kwafin abin da ya fito daga ƙasarta. A yi wa gidajen da ya zauna rajista cikin kayan tarihin ƙasa, na Yamai da na Foneko, don kada wata rana a wayi gari an sayar an gina shaguna. Ba wanda zai ce a kai ɗalibai yawon ilimi Foneko a halin da hanyar Tera ke ciki yanzu, kuma ɗakin karatu a can sai tsaro ya samu. Amma mutanen yankin da rikici ya koro suna nan kusa, a unguwannin bayan gari na Yamai da Tilaberi, cikinsu akwai tsofaffin da suka ga Bubu Hama da idonsu, suka san gidajen da ya shiga neman labari da sunayen waɗanda suka ba shi. Mafi ƙanƙantarsu ya haura sittin. Da su ya kamata ma'aikatar al'adu da jami'a su fara, a wannan shekara, da na'urar ɗaukar murya da kwafin littafin a hannu.